Naman Daji: Ido Na Dubawa, Wuta Ke Yanke Hukunci

 

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama, sai maharba su kakkaɓe bindigoginsu, 'yan farauta su kira karnukansu, a nufi daji. A daidai wannan lokaci ne kuma agwagin daji su ke barin ƙasashen Turai da na arewacin Asiya saboda tsananin sanyi, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, inda su ke tarar da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya. Sukan fara isowa wajen watan Oktoba, su juya wajen watan Maris. A Kudu kuwa, duk wanda ya bi hanyar Ikko zuwa Binin, ko ta Badun zuwa Ife, ba zai rasa ganin masu ɗaga gafiya da gada da beguwa a bakin titi ba, wani naman ɗanye, wani kuwa an yi bandarsa.

To, ga tambayar da za mu duba a wannan mako. Idan maharbi ya feɗe agwagwar daji ya tarar da waɗansu fararen abubuwa a cikin tsokarta, ko mai saye ya yanka naman daji ya ga abin da bai gane ba, shin ya ci ko ya zubar? Idan kuwa bai ga kome ba, ya tabbata ke nan naman lafiyayye ne? Amsar da masana su ka bayar za ta ba mutane da yawa mamaki, domin sau da yawa abin da ido ya ke gani ya tsorata ba shi ne mai yin ɓarna ba. Mai ɓarnar yana ɓoye a cikin naman da a ke ganin sumul ya ke.

SHINKAFA A ƘIRJIN AGWAGWA

Bari mu fara da wanda a ke gani. Maharban Amurka da Kanada sun daɗe da sanin wata cuta da su ke kira "ƙirji mai shinkafa". Idan an ɗaye fatar ƙirjin agwagwa, sai a ga waɗansu farare ko masu ruwan ɗorawa jere cikin tsoka, sun bi tsawon zaren naman, kai ka ce ƙwayar shinkafa a ka cusa. Waɗannan abubuwa ba tsutsotsi ba ne. Kowanne ɗaya 'yar jaka ce cike da dubban ƙananan halittu waɗanda masana su ke kira Sarkosistis, kuma tun a ƙarni na 19 a ka san da su a jikin agwagi.

Wannan halitta ba ta cika rayuwarta sai ta bi ta jikin dabbobi biyu. Dabba mai cin nama takan ci agwagwar da ke ɗauke da ita, sai ta hayayyafa a hanjin dabbar, ƙwayayenta su fito tare da kashi. Ruwa ya wanke su zuwa gefen tafki, wata agwagwa ta zo kiwo ta haɗiye su, su bi jini su je su kafa sansani a tsoka. A Amurka wata dabba mai kama da bodari ce ke yaɗa ta, a Turai kuwa an gano ta a hanjin yanyawar ƙasar. Saboda haka ne ta fi yawa ga agwagin da ke kiwo a ruwa maras zurfi. Jakunkunan sukan ɗauki watanni kafin su girma har ido ya gan su, shi ya sa an fi samunsu ga manyan agwagi bisa ga 'yan shila.

Tun daga wajen 2010 maharban Ingila da na waɗansu ƙasashen Turai su ka fara yawan cin karo da ita. Tun da yake daga can ne waɗansu baƙin agwaginmu su ke tasowa, kada maharbin Nguru ya yi mamaki in wata rana ya ga irin wannan a ƙirjin abin da ya harbo.

Abin da hukumomin kula da namun daji na waɗannan ƙasashe su ke faɗa shi ne, irin Sarkosistis ɗin da ke jikin agwagwa ba a san shi da kama ɗan Adam ba, kuma dafuwa sosai tana kashe shi. Duk da haka yawancin mutane sukan zubar da naman da cutar ta yi wa yawa, domin ransu ba ya karɓarsa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Gargaɗi ɗaya dai a ke yi: kada a jefa wa kare ko kyanwa ɗanyensa, a binne shi ko a ƙone. A lura kuma, agwagwar da a ka fige a ka gasa da fatarta ba za a ga kome ba ko da cutar tana ciki. Watau mutane da dama sun ci ba su sani ba, kuma wuta ce ta tsare su.

WADDA BA A GANI

Yanzu sai mu juya ga wadda ta fi haɗari. A 1835 wani ɗalibin likita mai suna James Paget yana nazarin wata gawa a wani asibitin Landan, sai ya lura da waɗansu ɗige-ɗige cikin tsoka. Da ya sa su ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, sai ya ga 'yar tsutsa ce nannaɗe cikin kowane ɗigo. Ita ce a ke kira Tirikinela. A 1860 wani likitan Jamus mai suna Friedrich Zenker ya tabbatar da cewa tana kashe mutum, kuma ta hanyar cin nama a ke ɗaukarta. Shekara biyar bayan haka, a 1865, cutar ta ɓarke a wani ƙauyen Jamus mai suna Hedasleben, inda fiye da mutum 300 su ka kwanta, kimanin 100 su ka rasu. Irin waɗannan masifu ne su ka sa Jamusawa su ka kafa dokar duba nama da madubin likita kafin a sayar.

Tsawon 'yar tsutsar bai wuce milimita ɗaya ba, ga ta kuma a nannaɗe, saboda haka mahauci komai ƙwarewarsa ba zai gan ta a sabon nama ba. Idan mutum ya ci naman da bai dahu ba, ruwan ciki yakan narkar da jakar, tsutsar ta fito ta girma a hanji cikin 'yan kwanaki, ta haifi ɗaruruwan 'ya'ya. Su kuma su bi jini su watsu cikin tsoka. Da farko mutum zai ji ciwon ciki da gudawa da tashin zuciya, kwana ɗaya ko biyu bayan cin naman. Bayan mako biyu ko fiye sai zazzaɓi ya biyo, fatar ido ta kumbura, fuska ta yi suntum, tsoka ta riƙa ciwo kamar an yi wa mutum dukan kawo wuƙa. In tsutsotsin sun yi yawa sukan taɓa zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, a nan ne rai ya ke salwanta.

Wannan tsutsa tana yawo ne tsakanin dabbobi masu cin nama da masu cin mushe. A Afirka an same ta a jikin kura da zaki da damisa da dila da gadu da aladen daji. A 1961 a ka buga rahoton ɓarkewarta ta farko da a ka tabbatar a Afirka kudu da Sahara, tsakanin waɗansu samari a gindin Dutsen Kenya waɗanda su ka ci naman aladen daji. Daga baya an samu waɗanda su ka kamu a Senigal ta hanyar naman gadu. A Zimbabuwe kuma an gano wani irinta a jikin kada da guza.

Mai karatu zai ce, ai mu ba mu cin alade, ba mu cin gadu, balle kura, me ya shafe mu? Wannan gaskiya ne, kuma babbar kariya ce. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata a tuna. Na farko, a 1985 fiye da mutum 1,000 sun kamu da wannan cuta a Faransa ta hanyar naman doki, dabbar da kowa ya sani ciyawa ta ke ci. Na biyu, naman da a ka yayyanka a ka yi bandarsa har ya yi baƙi, wa zai rantse da irin dabbar da a ka sayar masa a bakin titi? Na uku shi ne abin da ya faru a Amurka a 2022.

A wannan shekara waɗansu dangi sun taru a jihar Dakota ta Kudu, a ka yi musu tsire da naman beya, wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi, wadda ɗaya daga cikinsu ya harbo a arewacin Kanada. Naman ya yi kwana 45 a daskare cikin firiza kafin a gasa. Da yake naman baƙi-baƙi ne, sai a ka zaci ya gasu alhali cikinsa da saura. Sai da a ka fara ci a ka lura, a ka mai da shi wuta, amma aikin gama ya gama. Mutum shida su ka kamu, uku daga ciki sai da a ka kwantar da su a asibiti. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, biyu daga cikin shidan ba su ci naman ba sam, kayan lambun da a ka gasa tare da shi kaɗai su ka ci. Allah ya sa dukansu sun warke. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ce ta bayyana wannan labari a 2024. Darasin da ke ciki a fili ya ke: wuƙa ɗaya, faranti ɗaya da waya ɗaya ta gashi sun isa su kai cutar ga wanda bai taɓa naman ba.

MASU JUNA BIYU SU YI HATTARA

Akwai kuma wata ɓoyayyiyar wadda ba ruwanta da ko dabba mai cin nama ce ko mai cin ciyawa. Sunanta Toksofilazma, an gano ta a 1908 a Tunis. Ita a hanjin kyanwa da danginta na daji ta ke hayayyafa, ta fito da kashinsu ta gurɓata ƙasa da ruwa. Daga nan kusan kowace dabba mai jini ɗumi tana iya ɗauka, tun daga barewa da zomo da tunkiya har zuwa zabo da agwagwa. Jakunkunanta a tsoka ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita. Masana sun ƙiyasta kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa ɗaukarta, yawancinsu ba su ma sani ba, domin ga mai ƙarfin jiki ba ta wuce ɗan zazzaɓi da kumburin kaluluwa.

Amma ko ƙarfafan ma takan kayar. A ƙarshen 2018 waɗansu maharban Kanada su goma sun je farauta jihar Ilinoi ta Amurka, su ka ci naman wata irin barewa wanda bai gasu ba, shida daga cikinsu su ka koma gida da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki. Inda ta fi yin ta'adi kuwa shi ne ga mace mai juna biyu wadda ta kamu karo na farko tana da cikin. Cutar tana iya ratsawa ga ɗan tayi, a yi ɓari, ko a haifi jariri da lalurar ido ko ta ƙwaƙwalwa. Haka nan ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai cutar ƙanjamau, takan farka ta kama ƙwaƙwalwa. Saboda haka maigidan da ya kawo wa iyalinsa naman daji don marmari, ya tabbata wanda za a ba mai ciki ya dahu lugub, kuma in da hali wani ne zai wanke ɗanyen naman ya yayyanka, ba ita ba.

Ga masu cin maciji kuma, ko masu feɗe shi don fata ko magani, akwai wata halitta mai kama da tsutsa da ke zaune a huhun mesa da kasa, masana na kiranta Amilifa. Ƙwayayenta suna fita da majinar macijin da kashinsa, mutum yakan ɗauka ta hannun da bai wanke ba ko ta naman da bai dahu ba. 'Ya'yanta sukan maƙale a hanta da sauran kayan ciki, sau da yawa ba a sani sai an ɗauki hoton ƙirji ko an yi wa mutum aiki don wata lalura dabam. Likitoci sun sha ganinta a Nijeriya, a ƙasar Kwango kuwa an ciro ta daga idanun mutane.

BANDA DA SHANYA BA SU ISA BA

Jama'a da yawa sun ɗauka in an yi wa nama banda, ko an shanya shi a rana, ko an barbaɗa masa gishiri, to an gama da duk wata cuta. Ba haka abin ya ke ba. Hayaƙi yana busar da bayan nama ya hana shi ruɓa, amma sau da yawa zafin ba ya ratsa tsakiyar tsoka mai kauri. Likitoci sun tabbatar da cewa banda da shanya da gishiri ba abin dogaro ba ne wajen kashe Tirikinela. Barkono da lemun tsami da kayan yaji ɗanɗano su ke ƙarawa kurum. Firiza ma mun ga iyakarta a labarin Dakota, balle a inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, nama ya daskare yau ya saki gobe. Yanka kuwa yana halatta nama ya tsiyaye jini, amma abin da ya riga ya zauna cikin tsoka yana nan daram.

Abin da ke kashe dukan waɗannan da mu ka lissafa shi ne zafin da ya ratsa har tsakiya. Ma'aunin da masana su ka bayar ga tsuntsaye da namun daji shi ne tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas. Ba kowane gida ke da ma'aunin zafin nama ba, amma kowane gida yana da tukunya, ruwa kuwa a wajen digiri 100 ya ke tafasa. Ashe ke nan dafuwar iyayenmu mata, wadda a ke barin nama ya yi ta tafasa har ya saki ƙashi, ita ce mafi aminci. Haɗarin yana wajen gashin gaggawa irin na bakin daji, inda bayan nama ke ƙonewa cikinsa na ɗigar jini, yunwa kuma ta hana a jira. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

A tuna kuma da wani bambanci. Saniyar da a ka kai kwata, inda a ke bin doka, malamin dabbobi yakan tsaga kumatunta da harshenta da zuciyarta yana neman ƙwayayen tsila kafin ya yarda a sayar. Naman daji kuwa daga hannun maharbi sai hannun mai saye, ba malamin dabbobi, ba dubagari. Mai girki ita ce mai duba ta ƙarshe.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

Na ɗaya, duk tsuntsu ko dabbar da a ka tarar matacciya, ko tana layi, ko ta kasa tashi ba tare da rauni ba, a ƙyale ta, kada ma a taɓa. A watan Fabrairu na 2006 Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da a ka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a cikinta, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma an san agwagin daji suna cikin masu ɗaukar irin wannan cuta daga ƙasa zuwa ƙasa. In an ga tsuntsaye na mutuwa da yawa a wuri ɗaya, a sanar da ofishin kula da dabbobi mafi kusa.

Na biyu, a feɗe abin da a ka harbo da wuri, a fitar da kayan ciki ba tare da an fasa hanji ba. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa. A binne kayan cikin, kada a watsa wa karnukan farauta, domin ta nan ne cututtuka da dama su ke samun hanyar shiga gari. A kuma ciccire harsashin dalma tare da naman da ke kewaye da shi, saboda dalma guba ce, musamman ga yara.

Na uku, a ware wuƙa da faranti na ɗanyen nama, a wanke su da sabulu da ruwan zafi kafin su taɓa wani abinci. Kada a ɗanɗana nama tun bai dahu ba, kada kuma a miƙa wa yaro ɗan guntu yana kan wuta.

Na huɗu, a yayyanka naman ƙanana a dafa shi sosai. Mai son gashi ko suya ya fara tafasa shi tukuna. Banda ma in an sayo a sake dafa ta. Launi kaɗai ba shaida ba ne, domin naman daji baƙi ne tun asali.

Na biyar, wanda ya ci naman daji sa'an nan ya ga zazzaɓi da kumburin ido da ciwon tsoka, ya garzaya asibiti, kuma lalle ya gaya wa likita abin da ya ci da ranar da ya ci, da waɗanda su ka ci tare da shi. In bai faɗa ba, za a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Akwai magunguna irin su albendazol da ke kashe tsutsar, kuma sun fi aiki in an fara da wuri, kafin ta gama shiga tsoka. Amma likita ne zai rubuta, ba mai talla a tasha ba.

Muna kira ga ma'aikatun lafiya da na kula da dabbobi na jihohi da su jawo sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin maharba cikin wannan aiki, tun da maganarsu ta fi shiga kunnen 'yan farauta bisa ga takardar ofis. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta ke aiki a can tun 1924, da sassan koyon likitan dabbobi na jami'o'inmu, su ma ya dace su riƙa auna naman dajin da a ke sayarwa a kasuwanni, su bayyana wa jama'a sakamakon da harshen da su ke ji. Su kuma maharba su kiyaye dokar wuraren da a ka keɓe, irin su Dagona a Jihar Yobe, inda a ka hana harbin tsuntsaye.

Ba mu ce a daina cin naman daji na halal ba, domin abinci ne mai gina jiki, kuma sana'ar mutane da yawa ce tun kaka da kakanni. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya ga shinkafa a ƙirjin agwagwa yana da zaɓi, ya dafa sosai ko ya binne. Wanda bai ga kome ba kuwa, shi ba shi da zaɓi sai ya dafa sosai. Ƙarin itace kaɗan da ƙarin rabin sa'a a kan murhu sun fi mako uku a gadon asibiti sauƙi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.